Na Rage wa Surukina Tuwo Saboda Wani Bidiyo

Anti Barakatu, don Allah ki taimake ni kafin ranar Alhamis. Kwana huɗu ke nan ina ɗauke da wata magana, kuma ba wanda zan iya faɗa wa a gidan nan. Sunayen da za ki gani duk na canza su.

Ina aure a Ayigya Zango, a gidan su mijina Abdul-Hakim, kafinta ne a unguwar Anloga. Tun rasuwar mahaifiyarsa ni ke dafa wa mahaifinsa, Baba Seini. Baba yana da ciwon suga, yana shan ƙwayoyi safe da yamma. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina son sanin yadda jiki ke aiki, shi ya sa nake kallon bidiyo a waya ko ina yankan kontomire, wato ganyen gwaza. Wannan ya ce gero magani ne, wancan ya ce gero guba ne, kuma dukansu da farar riga. Sai ƙanwar mijina Fadilatu ta turo wani a rukunin WhatsApp na gida, minti biyu kacal. Mutumin ya zana ciki da jijiyoyi, ya nuna yadda tuwo ke zama suga a jini, ya ce mai wannan ciwo ya rabu da tuwo da shinkafa da koko, cikin wata guda zai sha mamaki. Anti, zanen nan ne ya tafi da hankalina. Ranar na fara jin na gane ciwon Baba.

Ban yi shawara da kowa ba. Malmala uku na mayar ɗaya, na cika kwanon da miyar ganye. Kokon safe na tsinka shi kamar ruwa. Kin san tsakanin mace da surukinta: in ajiye kwano a rufe a bakin ƙofa, in durƙusa in gaishe shi, in juya. Ba zan iya tambayarsa ko ya ƙoshi ba. Shi kuma dattijo ne, ko yunwa za ta kayar da shi ba zai ce matar ɗansa ta rage masa abinci ba. Kwano yana dawowa a suɗe, ni kuwa ina murna wai yana son sabon girki. Ƙwayoyinsa bai fasa ko sau ɗaya ba.

Juma'ar da ta wuce ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci, gumi sharkaf, jikinsa na rawa, bai gane kowa ba. A asibiti aka ce sugansa ya sauka ƙasa sosai. Da ya farfaɗo, nas ta tambayi Abdul-Hakim ko an canza wa Baba cima. Ya rantse ba a canza ba, har ya yabe ni a gabanta. Ina tsaye a wurin, na bar maganar a haka. Baba ya dube ni sau ɗaya ya kau da kai.

Yanzu likita yana zaton maganin ne ya yi masa ƙarfi, Alhamis za mu koma ya rage shi. Ni kuma don tsoro na mayar da malmala uku, har da ƙari. Kunya ta ishe ni, kuma mijina ba ya wasa a kan mahaifinsa. In yi shiru? Sannan ta yaya mutum zai gane bidiyon kirki?

Mai Zullumi, Ayigya Zango

Amsar Anti Barakatu

'Yata, na tsallake wasiƙu da yawa na ɗauki taki, domin ba ta jira. Kada ki yi shiru. In likita ya rage magani alhali kin ƙara tuwo, sugan da ya faɗi zai hau, kuma ba wanda zai san dalili sai ke.

Niyyarki mai kyau ce, ban ga mugunta a ciki ba. Bidiyon ma ba duka ƙarya ba ne, tuwo yana zama suga a jini. Abin da bai faɗa ba shi ne wasu magungunan suga suna kayar da mutum in aka rage abinci ba a rage su ba. Laifinki shi ne yin gwaji a jikin dattijo ke kaɗai. Abdul-Hakim kuma yana da haƙƙin yin fushi, mahaifinsa ne. Ki same shi yau ki faɗa masa daga farko, ki nuna masa bidiyon. In kina tsoron zafinsa, ki kira Fadilatu ta zauna, ai ita ta turo. Ki rubuta abin da Baba ya ci a makonnin nan ku kai wa likita, ku nemi a haɗa ku da mai ba da shawara kan abinci. Kuma a samu wanda Baba ba ya jin nauyinsa ya riƙa tambayarsa ko ya ƙoshi.

Batun bidiyo, kada ki daina koyo. Farar riga ko a kasuwa ana sayar da ita, don haka ki duba ko mai magana ya faɗi sunansa da inda yake aiki, yadda za a iya bincika. Wanda ya yi alƙawarin warkewa cikin wata guda, ko ya ƙare da tallar garin magani, ki wuce shi. Guntun minti biyu sau da yawa an yanko shi ne daga dogon bayani, ki nemi cikakken. Na kirki za ki ji yana cewa a tuntuɓi likita kafin a canza komai. Ki roƙi nas ta nuna miki tashoshin da su kansu suke kallo, kuma duk abin da kika koya ki fara kai musu kafin ya shiga tukunya.

Fushin mijinki na kwanaki ne. Maganin da za a rubuta ranar Alhamis kuwa Baba zai sha shi kullum, safe da yamma. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki ƙarfin buɗe baki yau.