Kyautar da ba mu aka ba

Litinin, 14 ga Disamba, 1998
Azumi ya ƙarato, kuma kowa a Sanyuanli, unguwarmu a nan ƙasar Sin, da nasa lokacin shan ruwa. Na samo wani furogiram a faifai, ka sa masa sunan gari ya fitar maka da lokutan salla. Na sa a kwamfutar ofishin Kawu Ilu, wadda muke aikin aika kayan 'yan kasuwa gida da ita. Kafin ya buɗe sai da ya nuno wani rubutu: wani ɗalibi ne ya yi shi, kyauta ne ga mai amfani da shi a gidansa don kansa, amma ban da kwamfutar kamfani, ban da talla, sai da izininsa. Na karanta sarai. Na danna na yarda.

Alhamis, 17 ga Disamba
Na buga jadawalin azumi, sunan kamfanin Kawu da lambar waya ɓaro-ɓaro a sama. Sunan ɗalibin da ke ƙasa kuwa na goge, wai yana ɓata tsari. Kawu ya juya takardar, ya yi tambayar da yake yi a kan komai, har biro: mai shi ya halatta? Na ce kyauta ce. Ai ban yi ƙarya ba. Mu a wajenmu in an ba ka kyauta, ba a biyo ka a ga inda ka kai ta.

Talata, 22 ga Disamba
Takarda ta zaga har unguwar Dengfeng. Maidaji, mutumin Maraɗi mai sarin takalma, ya maido da kayansa wajenmu saboda ita. Ya ɗauka ni na yi lissafin da kaina, yana ta kirana Malam Falaki. Ban gyara masa ba. Har da ɗan sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, Allah ya shirye ni.

Lahadi, 27 ga Disamba
Salla ai ba kasuwanci ba ce. Haka nake ta gaya wa kaina. To lambar wayar fa?

Laraba, 30 ga Disamba
La'asar ta riske mu a wata kasuwar tufafi ta Guangyuan. Ga wani lungu fes, ba kowa, amma Kawu ya ƙi shimfiɗa darduma sai da ya nemo Basinen da ke da wurin. Da hannu da ka suka yi ta fama har mutumin ya gane, ya yi dariya ya ce bismillarsa da yarensu. A hanya Kawu ya ce ba ya son ya kai wa Allah ibada a kan abin da mai shi bai yarda ba. Ba da ni yake ba. Ni dai na kasa haɗa ido da shi har muka isa. Kawun nan ya baro 'ya'yan cikinsa a Kano ya ɗauko ni, don ya ce ni ba na ɓoye masa komai.

Asabar, 2 ga Janairu, 1999
Kunya ta hana ni jin daɗin buɗa-baki. Kowa ya dubi jadawalin da ke bango ya kai dabino baki, ni kuwa in kau da kai.

Juma'a, 8 ga Janairu
Na cire furogiram ɗin daga kwamfutar. Da yamma Kawu ya ce in fara shirya na watan Shawwal, na ce babu.
“Ba ka ce kyauta ce ba?”
“Kyauta ce, Kawu, amma ba mu aka ba. Na gida aka ba, ban da kamfani.”
“Ka sani tun farko?”
Na ce na sani. Na jira faɗa, na ma jira ya ce in haɗa jakata. Sai ya tashi ya ɓamɓare takardar daga bango, ya daɗe yana kallon samanta. Ya ce in rubuta wa yaron a nemi yafiya. Na ce zan gaya masa laifina ne.
“A'a, Abdulbaƙi. Sa sunana. Shi ne a kan takardar.”
Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 11 ga Janairu
Ɗalibin bai amsa ba tukuna. Kawu ya koma leƙa rana ta taga. Yau zan buga wa Inna wasiƙa a kwamfutar ofis, sai na tsinci kaina a ƙofar Kawu ina tambaya ko ya yarda. Ba wani abu ba ne, dama hanyata ce.