Abin Da Ya Toshe Haƙoran Keke

Duza, Talata.

Zuwa ga matata Hasana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiyar jinya, yaya jikin Khairat? Da fatan likitocin Anka na ganin sauƙi. Inna na gaishe ki.

Namadi mai kabu-kabu ya kawo mini saƙonki, wai in an sallame ku Adabka za ki wuce gidanku da yarinyar, ba za ki dawo ba sai dutsen zinari ya bar gidan nan. Haba Hasana! A zaure nake dakana, ɗakinki na can ƙurya da labule har biyu. Ƙura ƙafa gare ta? Gubar dalmar da suke faɗi, a gidan wasu ta kwaso ta wurin wasa. Masu kankare ƙasar gidaje don kawar da gubar sun zo, na ce su yi gaba.

Tun tafiyarku na kasa zaune na kasa tsaye. Jiya na ga rigar sallar Khairat da kika yanka, rabi a ɗinke, na ce bari in ƙarasa da ɗan ɗinkin da na koya ina saurayi. Ashe gaskiyarki, keken ɗinkin ba ya jan yadi. Allura na ta hawa da sauka wuri ɗaya, zare na cukurkuɗewa. Ki ba ni kwana biyu, zan yi maganinsa.

Mijinki,
Sa'idu.

Duza, Asabar.

Hasana,

Sallama da gaisuwa. Ya mai jiki? Namadi ya ce ta daina fizge-fizgen, har ta sha kunu. Alhamdu lillahi. Amma bai zo da amsarki ba, sai da na tambaye shi sau uku.

Kekenki ya gaji halinki, ba ya jin lallashi. Na sake allura, na ɗaure bel, na zuba mai har ya ɗiga a tabarma. Yadin na nan daram. Da na ja shi da hannu sai allura biyu suka karye. Inna ta ce in bar wa masu abin abinsu. Na je gona na dawo ban yi kunya uku ba, na ɗauki taɓarya na ajiye. Gidan ya yi mini faɗi, kewarku nake ji.

Malami mai gyaran keke na Gummi zai biyo ta nan ran Litinin. Zan tare shi a hanya.

Naki,
Sa'idu.

Duza, Laraba.

Uwar Khairat,

Assalamu alaikum. Ina kwananku, ya ƙarfin jikin ɗiyata? Allah Ya ƙara afuwa.

Malami ya zo. Ya kwance ƙusa biyu, ya ɗaga ƙarfen da ke ƙarƙashin allura, ya nuna mini haƙoran da ke jan yadi. Sun toshe ƙaf, ƙura ta haɗu da mai ta daskare, ko motsi ba sa yi. Ya yi ta sakace ta da tsinke yana mitar cewa bai taɓa ganin ƙasa mai nauyi haka cikin keke ba.

Ni kuwa na san launinta. Shekara uku ina dakanta. Bayan ya tafi na tara abin da ya kakkaɓe a takarda, na wanke a kwano yadda muke yi a bakin rafi, ina roƙon Allah Ya ƙaryata ni. Sai ga ɗan ƙyalli a gindin kwanon.

Hasana, cikin ɗakinki, bayan labule biyu, cikin keken da kike rufewa da zane. To ina ga tabarmar da ke ƙarƙashinsa, inda Khairat ke zama gindin ƙafarki tana tsotsar yatsa? Gani ya kori ji. Ba gidan kowa ta kwaso ba, ni na dako mata. Na zauna a wurin na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Buhunan dutsen da turmin na fitar da su bayan gari tun jiya. Na bi masu kankare ƙasa har masaukinsu na ba su haƙuri, gobe za su fara da ɗakinki. In duk da haka Adabka za ki, ba ni da bakin hana ki. Roƙo nake yi.

Keken na ja yanzu. Ga rigar nan wurin Namadi, na wanke ta sau biyu a rijiyar masallaci. Hannu ɗaya ya karkace, kada ki yi dariya. Namadi ya ce Khairat ta rame, amma na bar gefen ban rage ba. Ki bar shi haka, za ta cika ta.

Mijinki mai neman gafara,
Sa'idu.