Faten accar Maman Hauwa

Laraba da dare, Unguwar Dosa

Yau ma na nemi "yadda ake faten acca" a intanet. A da, shafin girkin matata Maman Hauwa ke fara fitowa, yanzu ya koma can ƙasa, 'yan jiya-jiya sun haye kansa.

Na kira 'yarmu Hauwa. Ta ce, "Baba, sabon rubutu ake ɗorawa a sama, kuma tun rasuwar Mama ba a sa komai ba. Ka canja kwanan watan kawai."

Na buɗe shafin. Ashe kwanan watan da ke kai, ranar da Maman Hauwa ta yi mana faten ƙarshe ce, tana min faɗa wai na cika zuba yaji.

Ban taɓa komai ba. Ya zauna a ƙasan, ni dai na san hanya.