Kwamfutar da Na Sa wa Sunanka

Jikwoyi, Abuja
4 ga Maris

Yaya Zakariyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Larai da yara. Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Laftof ɗin da ka aiko ta iso, Allah ya saka da alheri. Fankarta na kuka kamar injin markaɗe, amma tana aiki. Ka tambayi abin da zan yi da ita. Ofishinmu zai ɗauki mai kula da saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da fayilolin ma'aikata duka, kuma daga cikin gida za a zaɓa a watan Mayu. Shekara tara ina buga wa mutane takardu, Yaya. Wallahi na gaji.

Na girka wata kwamfutar gwaji a cikin taka, kwamfuta cikin kwamfuta ke nan. Babu hoto, babu linzami, baƙin allo ne kawai, ka rubuta umarni ta bi. Daɗinta, kafin in taɓa komai nakan adana yadda take, in na yi ɓarna in mayar da ita kamar ba a yi ba. Jiya sau huɗu na kashe ta, sau huɗu na tashe ta. Na iya buɗe wa mutum asusu da hana shi shiga inda ba nasa ba, har na rubuta ɗan shiri mai kwafe fayiloli kullum da azahar ya ɓoye. Da ta nemi suna, naka na sa mata, shi ya sa kowane layi da zakariyya yake farawa. Ka sa ni a addu'a.

Ƙanwarka,
Saudatu

22 ga Mayu

Yaya,

Sallama da fatan alheri. A gaida Inna, amma kar a karanta mata wannan.

Ban samu ba. Nazeer aka ba, abokin aikina da teburinsa ke kallon nawa. Saura sati biyu a yi gwajin masu neman aikin ya zo yana Anti Saudatu kaza, Anti Saudatu kaza, wai tasa kwamfutar gwajin ta ƙi girkuwa, in taimaka masa da kwafin tawa. Ni kuma uwar tausayi na juye masa ita ɗungurungum a filashi, da aikina na wata biyu a ciki.

Ranar gwaji shi aka fara kira. Ya haska allonsa a bango gaban Darakta, sai ga sunanka, Yaya, layi bayan layi. Ko sauya shi bai iya ba! Yana danna maɓallin da ke dawo da tsofaffin umarnina ɗaya bayan ɗaya, ana gyaɗa kai. Da na shigo da irin aikin sak, sai Darakta ya ce abin kirki ne yadda Nazeer ke koya wa na ƙasa da shi. Na buɗe baki na ce sunan yayana ne a allon. Aka yi dariya, wani ya ce Zakariyya ai sun fi dubu a Abuja.

Na yi kuka a motar Nyanya har wata mata ta miƙo min ruwa. Ba Nazeer kaɗai nake jin haushi ba, har da hannuna da ya miƙa filashin.

Taki... kai, taka zan ce, ka ga har rubutun ya rikice min.

Ƙanwarka,
Saudatu

9 ga Yuli

Yaya Zakariyya,

Assalamu alaikum. Na ji Inna ta fara takawa, alhamdu lillahi. Ya Anti Larai da jiki?

Ranar Talata Nazeer ya goge fayilolin ma'aikata ɗari biyu da umarni ɗaya. Ya saba da ta gwaji, inda ake ɓarna a koma baya, bai san sabar gaske ba ta da wannan ba. Ya zo teburina gumi na zuba, yana tambaya cikin raɗa ina wurin da ake dannawa a koma jiya.

Na so in yi shiru, Allah ya sani. To amma takardun fanshon Madam Janet na ciki, ita da za ta ajiye aiki watan gobe, kuma ba ta yi min komai ba. Na tashi na zauna a kujerarsa. Shirin nan nawa na azahar, wanda ya ɗora a sabar da sunan aikinsa, yana ta kwafe komai, shi ko inda yake ajiyewa bai sani ba. Kafin la'asar na dawo da fayilolin kaf.

Jiya Darakta ya ce a ba Nazeer takardar yabo saboda hangen nesansa. Ka san wa ke buga takardu a ofishin nan. Na buga ta tsaf, ko kuskure ɗaya babu. Kuma kar ka ce ban samu komai ba, Yaya, sunana ya shiga: haruffa biyu ƙanana a can ƙasa, inda mai buga takarda ke sa nata.

A gaida kowa.

Ƙanwarka,
Saudatu