Ni ce na ƙarar da maganin asmar 'yata

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

A zamaninmu mai jego kunun kanwa take sha, ta yi wanka da ruwan zafi, ko ƙwayar ciwon kai ba a barinta ta haɗiya. Yanzu sai ka ga yarinya jariri a nono, magani a hannu. Na yi shekaru ina fataucin gishirin Keana, na zauna a Kamaru, na zauna a Gana, ina jin Alago da Tibi da Faransanci, sai na ɗauka babu abin da za a koya mini a kan shayarwa.

'Yata ta zo wankan gida nan Lafia da ɗanta na fari. Tana da asma tun tana ƙarama, mijinta ya sayo mata inhela, abin nan da ake fesawa a baki. Na ce, "Ke, wannan abin ba zai bi nono ba?" Ta ce, "Mama, likita ya ce ba komai." Ban yarda ba. Tana shiga wanka na ɗauke shi, na zagaya bayan ɗaki, na yi ta dannawa har ya ƙare, na mayar ƙarƙashin matashinta. Kashegari hayaƙin icen da muke dafa ruwan wanka ya tayar da ciwon. Tana dannawa, babu abin da ke fita. Kallona take, baki buɗe, ta kasa ko kiran sunana. A keke mai ƙafa uku muka kai ta asibiti.

Likita ya ce abin da ke shiga nono daga maganin bai kai ya cutar da jariri ba, rashin maganin ne ke iya kashe uwa. Ina tsaye ina ji. Wace irin uwa ce ni?

Ta rayu, amma ta daɗe a kwance. Yanzu ta ce mijinta jabu ya sayo mata, ta ƙi komawa ɗakinta. Mijin nata ya zo ya durƙusa gabana, ya ce, "Mama, wallahi a babban kemis na saya, ki sa baki." Na ce masa sai haƙuri. Ni ɗin nan!

In na faɗa, da wane ido za ta dube ni? In na yi shiru, aure zai mutu a kan laifina. Jama'a, me zan yi?

Nonon dai ya ƙafe tun tana asibiti. Jikana madarar gwangwani yake sha.