An Tsinci Babana a Mararraba

Litinin, 8 ga Agusta 1988
Gunduma zasu rubuta tarihin ƙauyuka. Dagaci yace ranar bikin sharar gari na shekara ni zan ɗau tiren shinkafa zuwa kabarin Mbah Sonto, wato Kaka Sonto da ya kafa garin, in bada labarinsa gaban baƙi. To da waye? Ni Tukijan, jinin mutumin da ya sare dajin nan da adda ɗaya damisa uku na kallo. Sumilah matata tace bara damisar ɗaya ce. Nace ta haihu.

Laraba, 10 ga Agusta
Naje gun Mbah Ngatinem tsohuwar ungozoma in ƙaro gishiri a labarin. Tana taunar goronta tace, "Kai Jan, ai ubanka tsintuwa ne."
Nayi dariya har da dukan cinya. Ita bata yi ba.
Wai ranar haihuwarsa ta faɗo daidai da ta ubansa, har ranar kasuwar iri ɗaya. Sai aka ajiye shi a mararraba yadda akeyi, don kar ɗaya ya danne ɗaya. Gidan Sonto suka ɗauka kan za a zo a fanshe shi. Kafin azo dutse yayi aman wuta, iyayen na gona, suka rasu. Shike nan ya zauna.
Nace to ɗan waye? Tace ƙanin uban Wagiran ne.
Wagiran mai agwagi!! Wanda in ya shigo shagon shayi nake toshe hanci.

Alhamis, 11 ga Agusta
Tsohuwa ta rikice ne. Na duba madubi, hancin Sonto ne sak. Kodayake ba wanda ya taɓa ganin Sonto.

Asabar, 13 ga Agusta
Na ja dagaci gefe a hankali, ko zai karɓe tiren. Yace, "Au, da baka sani ba?" Sumilah ma ta sani. Wai duk garin sun sani, sun ɗauka nima na sani, rahata ce kawai. Shekara da shekaru ina labari suna tafi, ashe…
Nace to waye zai ɗau tiren? Yace wanda yaci shinkafar gida ɗan gida ne. Mbah Ngatinem kuma tace ba a fanshi babana ba, har yau aro ne. Ni aro ne ko me?

Lahadi, 14 ga Agusta
Na haɗu da Wagiran kan kunyar gona. Ya washe baki: "Ƙanena, ina kwana?" Na girme shi fa! Wai tunda ubansa ne babba, dole in ce masa yaya. Agwagin ma dariya suke.

Juma'a, 19 ga Agusta
Na ɗau tiren. Labari ya fita tsaf, baƙi na ta rubutu. Wani mai tabarau yace ni wane ne a wurin Sonto. Nace gidansa ne ba a barin yaro a hanya. Ban san ko ya rubuta ba.
A dawowa na sauke ragowar shinkafar kan wani kabari can ƙasa wajen itatuwan gora. Wuyana ne ya gaji, ba wani abu ba.
Yaya Wagiran yace ba wannan bane na kakanmu, na gefensa ne. Na matsar.