Memorin Da Kuka Saka Ne Ya Raba Ni Da Aikina

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya sayar wa makarantarmu kwamfuta.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Hajara. Ni ce mai buga takardu a wata makarantar kuɗi da ke Badarawa, ko in ce ni ce a da. Na yi ta sintiri a ofishinka ana ce mini ka fita, har kunyar mai gadinku nake ji. Shi ya sa na rubuto ta jarida.

Na farko. Kwamfutar nan lafiya lau take aiki kafin mai makaranta ya ce a ƙara mata sauri saboda jarrabawa. Injiniyanku ya zo ya cire memorin da ke cikinta, wato 'yan sandunan nan da ake sokawa a jikin bod, babban allon da kayan cikinta ke kai, ya saka sababbi. Ya kunna, ta kawo haske, ya ce shi ke nan, ya tafi. Tun daga ranar, ina cikin bugu sai ta tsaya cak, duk abin da na buga ya tafi. Tambayoyin lissafin 'yan aji uku sai da na haddace su saboda yawan maimaita buga su.

Na biyu. Da muka kawo kuka, kuka ce wuta ce, aka sayi sitabilaiza. Kuka ce zafi ne, aka ɗauke fankar ofishin hedimasta aka kafa mata. Da dalilai suka ƙare, sai aka gaya wa mai makaranta wai hannuna ya saba da tafireta, ina dukan madannai da ƙarfi. Wannan magana ta yi mini ciwo ƙwarai. Jarrabawa ta makara, iyaye suka yi ca, aka sallame ni.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Kafin a sallame ni, wani injiniyan naku ya zo ya mayar da tsohon memorin don gwaji. Na wuni ina bugu, ko gezau ba ta yi ba. Washegari ya mayar da sabon, kafin la'asar ta sake tsayawa. Ya bayyana mini cewa bod ɗin tsoho ne, kuma bayos, shirin da ke cikinsa mai ƙidaya memori idan an kunna, bai san irin wannan sabon ba. Ni ban san kan waɗannan abubuwa ba, amma abin da ya faru a gabana na gani. Na roƙe shi ya gaya wa mai makaranta, ya ce sai da izininka.

Yallaɓai, na gaji. Ba diyya nake nema ba. Ina roƙon ka aika a saka memorin da ya dace, sannan ka bar injiniyan nan ya faɗi gaskiya, don duk makarantar da na je neman aiki labarin ya riga ni isa. Kuma don Allah ka hanzarta. Rifkatu, wadda aka ɗauka a madadina, ta zo gidana jiya a ruɗe tana tambayata yadda ake taɓa madannai a hankali.

Allah ya yi wa kasuwancinka albarka, ya tsare ka da ɗaukar alhakin wani.

Wassalam.
Hajara, Unguwar Kanawa, Kaduna.